Yadda zaka sake hango gobenka idan kana fama da sikizofiriniya

Idan ka tambayi wanda ya daɗe da ciwon ƙwaƙwalwa da ake kira sikizofiriniya cewa ina kake ganin kanka nan da shekara biyar, yawanci shiru zai yi, ko yace "ni dai in samu lafiya", kuma ba raini bane ko ƙin magana, da gaske ne in ya leƙa gaba baya ganin komai. Wannan ɓangaren na ciwon ba'a cika maganarsa ba saboda baya tada hankalin kowa, muryoyin da mutum ke ji da zargin cewa ana bibiyarsa da rikicewar magana su ne ke sa a garzaya asibiti, amma bayan an sallamo shi, magani ya fara aiki, gida yayi shiru, sai a bar shi da wata tambaya da ba wanda ya taya shi amsawa: toh yanzu ni waye, kuma ina na dosa? Rubutun nan na mai ciwon ne da kansa, kai ko ke, 'yan uwa kuma akwai naku a gaba.

A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya tace kusan mutum miliyan 24 ne ke da ciwon, wato kamar mutum 1 cikin 300, kuma yafi farawa daga ƙarshen shekarun samartaka zuwa shekaru ashirin da wani abu, maza ya kan riga kama su. Ka duba lokacin fa, daidai sanda mutum ke karatu, yake koyon sana'a, yake tunanin aure. Shi yasa abun ke zafi, ciwon yana faɗowa ne a tsakiyar shirin da aka fara.

Kafin mu shiga yadda za'ayi, akwai wata tsohuwar magana da ya kamata a cire maka daga kai, wadda ke cewa wannan ciwon sai dai ya yi ta gaba. Asalinta daga likitan Jamus ne Emil Kraepelin, wanda a ƙarshen ƙarni na 19 ya ɗauke shi a matsayin lalacewar ƙwaƙwalwa da ke farawa da wuri, kuma marasa lafiyan da yake gani su ne waɗanda suka daɗe a kulle a asibiti, waɗanda suka samu sauƙi suka koma gida ai baya ganinsu. A 1987 Courtenay Harding da abokan aikinta suka fitar da sakamakon bibiyar mutum 269 da aka taɓa kwantarwa na tsawon lokaci a asibitin jihar Vermont a Amurka, an bi su kusan shekara 32, aka tarar tsakanin rabi zuwa kashi biyu cikin uku sun samu sauƙi sosai ko ma sun warke, kuma waɗannan mutane ne da aka riga aka fidda rai da su. Ita ma Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa aƙalla mutum 1 cikin 3 alamomin na ɗauke masa gaba ɗaya. Ban kawo wannan dan ince ciwon wasa bane, ba wasa bane ko kaɗan, amma dai ba wanda ya isa ya kalle ka yau ya rantse ya san yadda zaka kasance nan da shekara ashirin.

Sannan akwai samun sauƙi iri biyu. Akwai wanda likita ke aunawa, muryoyi sun ragu, ba'a sake kwantar da kai ba, kana bacci. Akwai kuma naka na kanka, wanda William Anthony na jami'ar Boston ya fayyace a 1993, cewa mutum ya yi rayuwa mai gamsarwa, mai fata, wadda yake amfanar wasu a cikinta, ko da ciwon bai gama tafiya ba. A 2011 Mary Leamy da abokanta a Landan suka tattara abinda masu ciwon ƙwaƙwalwa ke faɗa da bakinsu game da farfaɗowarsu, suka ga abu biyar ne ke ta maimaituwa: alaƙa da mutane, fata, sanin kai waye, ma'anar rayuwa, da riƙe ragamar al'amuranka. Abinda nake so ka ɗauka anan shine samun sauƙin naka na kanka baya jiran wanda likita ke aunawa. Mutane da yawa sun ɓata shekaru suna cewa bari in warke tukuna sannan in fara rayuwa, kuma gaskiya ni a ganina wannan jiran yafi muryoyin cin mutum.

Me yasa gaban ke duhu? Ba lalaci bane. A 2008 Arnaud D'Argembeau da abokan bincikensa suka sa masu sikizofiriniya su tuno abubuwan da suka faru da su, su kuma ƙirƙiro abubuwan da zasu iya faruwa nan gaba, sai aka ga suna wahala wajen kawo takamaiman abu ɗaya mai rana da wuri, sai dai magana a dunƙule, kuma matsalar tafi tsanani a ɓangaren gaba. Wani binciken na David Gard da Ann Kring a 2007 ya nuna wani abu da nake ganin kowane mai ciwon ya kamata ya sani: in suna cikin abun daɗi suna jin daɗinsa kusan kamar kowa, inda gibin yake shine ɗokin abun kafin ya zo. Ma'ana ƙwaƙwalwarka zata ce maka "in kaje ma ba zaka ji daɗi ba", kai kuma ka yarda ka zauna, alhali da kaje da ka ji. Duk abinda ke ƙasa akan gyara waɗannan biyun yake.

Fara da ƙasan da zaka tsaya akai, wato magani da bacci. Ba zan ja wannan ba saboda ka sha ji, amma ga lissafin: a binciken Delbert Robinson na 1999 akan waɗanda ciwon ya kama karon farko, kusan kashi 80 cikin 100 ciwon ya sake taso musu cikin shekara biyar, kuma waɗanda suka bar magani haɗarinsu ya ninka kusan sau biyar. Wiwi ma tana dawo da ciwon, wannan ba gardama. Amma in maganin yana sa ka kwana ka wuni kana bacci, ko ƙiba, ko rawar hannu, ko ka kasa zama waje ɗaya, ko ya kashe maka sha'awa, karka daina a ɓoye kuma karka yi shiru. Ka je wa likita da buƙata a bakinka: "ina so in iya tashi ƙarfe bakwai saboda zan fara koyon aiki, wannan maganin baya bari na, me za'a iya yi?" Wannan maganar tafi "maganin baya min daɗi" aiki nesa ba kusa ba, dan ka bashi abinda zai auna da shi. Ana iya rage yawa, ko a maida shan dare, ko a canza wani, akwai allura ta sati biyu ko wata ɗaya ga mai mantuwa, in kuma an gwada magani biyu yadda ya kamata basu yi ba ka tambaya game da kulozafin, shi sai ana gwajin jini akai akai amma ya taimaki mutane da yawa da sauran suka gaza musu.

Yanzu ka samu littafin rubutu, ko ka buɗe waje a wayarka, in rubutu na maka wahala kayi rikodin da murya. Abu na farko da zaka yi ba gaba bane, baya ne. Kullum ka tuno abu ɗaya da ya faru a rana ɗaya takamaimai ka rubuta layi uku ko huɗu, ina ne, da wa, da safe ne ko yamma, me aka ce. "Da ina zuwa ƙwallo" bai isa ba, wace rana, wa ya ci, me ka saka. Dalili kuwa da kayan da ƙwaƙwalwa ke tuna baya da su take haɗa hoton gaba, in wancan ya yi tsatsa wannan ma ba zai fito ba. Ka zaɓi ranaku masu daɗi ko na yau da kullum, ranar da aka kai ka asibiti a ɗaure ka barta sai kana tare da mai ba da shawara.

Bayan sati ɗaya ko biyu sai ka juya gaba, kuma dan Allah karka fara da shekara biyar. Fara da jibi. Ka rubuta abu ɗaya da zai faru, da irin wancan filla filla: Talata ƙarfe huɗu zan fita in taka na minti ashirin, zan bi hanya kaza, zan kira wane in na dawo. In jibi ta fara fitowa tas sai ka matsa zuwa sati mai zuwa, sannan wata, sannan wata uku. Wasu zasu ga wannan kamar wasan yara, su gani. Wanda ya yi shekara biyu kwanakinsa duk iri ɗaya ya san ba ƙaramin abu bane ace yana da Talatar da ta bambanta da Litinin.

Ga kuma dabarar da nafi so, ta kama ƙwaƙwalwa da ƙarya. Kafin ka yi abun, ka rubuta daga 0 zuwa 10 yawan daɗin da kake zaton zaka ji. Da ka gama, nan take ba sai gobe ba, ka rubuta wanda ka ji a zahiri. Zaton 2, zahiri 6. Zaton 1, zahiri 5. Wani lokacin zato 3 zahiri ma 3, toh shikenan wannan abun ba naka bane, ka gane. In ka tara irin wannan na wata guda kana da hujja da rubutun hannunka, ranar da jiki yace kar ka je ba komai a can sai ka buɗe ka duba sau nawa ya faɗi haka kuma ya yi kuskure. Karka jira sai ka ji kana so sannan ka tashi, a wannan ciwon son yana zuwa ne a makare, sai an fara.

Tashin ma yana da dabara. Masanin halayyar ɗan adam Peter Gollwitzer ya yi shekaru yana nuna cewa niyyar da aka ɗaure da wani lokaci ko wani abu tafi cika akan niyyar da aka bari sake. Maimakon "zan riƙa motsa jiki" sai kace "in na sha maganin safe, zan saka takalmi in fita". Ka kuma tanadi na matsala: "in muryoyin suka taso a hanya, zan sa abun kunne in ji wani abu in ƙarasa zuwa kwana sannan in juyo". Ka riga ka yanke shawarar tun kana natse, lokacin da abun ya zo ba sai ka tsaya tunani ba.

Sai babban aikin, wanda shi yafi nauyi. A 1986 Hazel Markus da Paula Nurius suka kawo bayanin cewa kowane mutum yana ɗauke da hotunan kansa na gaba fiye da ɗaya, akwai wanda yake fatan zama, akwai wanda yake tsammanin zai zama, akwai wanda yake tsoron zama. Ka raba shafi uku ka rubuta kowanne. Abinda zaka iya tararwa shine na tsoron ya fito da kamanninsa duka, kana ganinsa ƙuru ƙuru, shi kaɗai a ɗaki, kowa ya gaji da shi, ana nuna shi da baki, shi kuwa na fatan ko fuska bashi da. Aikinka ka yi wa na fatan kamanni har ya kamo wancan. Ƙarfe nawa yake tashi? Wa yake gaisawa da shi da safe? Me yake yi da hannunsa? In muryoyi suka zo masa ya yake yi da su, dan ba dole bane ace bashi da su. A gaban kowane tsoro kuma ka rubuta abu ɗaya da ke hannunka, in tsoron kaɗaici ne, sunan mutum ɗaya da zaka kira wannan satin.

Anan zaka ci karo da wanda kake kafin ciwon, kuma zai yi ciwo. Wanda zai zama injiniya, wadda aka kusa yi wa aure, wanda ke na ɗaya a aji. Ka yarda kayi baƙin cikinsa, asara ce ta gaske, kuma masu cewa ka manta kawai basu san me suke faɗa ba. Amma bayan nan ka tambayi kanka me ke ƙarƙashin wancan burin. Mai son likitanci wataƙila abinda yake so shine ya taimaki mai jin ciwo, ko a girmama shi, ko yana son sanin yadda jiki ke aiki, kuma kowanne cikin ukun nan yana da ƙofa fiye da ɗaya. Wani kuma tsohon burin nasa yana nan daram, jinkiri kawai ya samu, ya koma makaranta da kwas kaɗan kaɗan ya gama a shekara bakwai maimakon huɗu. Ba ni zan faɗa maka wanne ne naka ba, kuma ba likita bane zai faɗa.

Wata tambaya da mutane ke jin kunyar yi: ya zan gane buri ne na gaske ko ciwon ne ke magana? Dan wani lokacin gaban baya duhu, haske ne ya yi yawa, mutum ya ga an zaɓe shi ya ceci duniya ko ya gano wani sirri da zai sa shi kuɗi cikin sati. Ka gwada shi da abu uku. Yana barinka kayi bacci? Zai iya jira sati biyu ba tare da ka ji kamar zaka fashe ba? Zaka iya faɗa wa mutum biyu da ka yarda da su, su yi maka tambayoyi, baka ji sun zama maƙiya ba? Burin gaske yana jure wannan duka. In ya faɗi a gwajin, musamman in bacci ya ƙaurace, kira likitanka ranar.

Akwai wani rubutu kuma da kai mai lafiya zaka yi wa kai marar lafiya. Mary Ellen Copeland da wasu masu fama da ciwon ƙwaƙwalwa suka tsara irinsa a 1997 kuma ya yaɗu ƙasashe da dama. Ka rubuta yadda kake in kana lafiya, abubuwan da ke tayar maka, alamominka na farko (naka, ba na littafi ba, wani rashin bacci kwana biyu ne, wani daina wanka, wani ya fara ganin kowane saƙo da shi ake), me za'ayi in an gansu, wa za'a kira, wane magani ya taɓa yi maka aiki, wanne ya wahalar da kai, wa zai kula da yaranka ko aikinka in an kwantar da kai. Ka bawa mutum biyu kwafi, ka bawa likita. Amfaninsa biyu ne, yana rage ɓarnar da tashin ciwo ke yi, kuma yana rage tsoron da ke hana mutum shirya komai, irin na "ina amfanin farawa tunda zai dawo ya rushe".

Maganar aiki. Da can tsarin shine a yi ta horar da mutum shekara da shekaru sai an ga ya shirya, da yawa basu taɓa shiryawa ba har suka tsufa. Deborah Becker da Robert Drake a jihar New Hampshire suka juya abun a farkon shekarun 1990, a sama wa mutum aiki na gaske da wuri, wanda shi ya zaɓa, sannan a tallafa masa yana ciki, kuma gwaje gwaje a ƙasashe da yawa sun nuna masu samun aiki ta wannan hanyar sun kai kusan ninki biyu na tsohuwar hanya. Ko babu irin wannan shirin a inda kake darasin yana nan, awa biyu sau biyu a sati a wajen da ake jiranka yafi wata shida na shiri a ɗaki. Ko zaka faɗa wa wanda ya ɗauke ka aikin maganar ciwonka ko a'a, wannan naka ne, ka auna.

Ka nemi waɗanda suka riga ka. Patricia Deegan an ce mata tana da sikizofiriniya tun tana budurwa, ta zo ta yi digirin digirgir a ilimin halayyar ɗan adam, ta zama cikin manyan masu magana akan farfaɗowa. Elyn Saks farfesar shari'a ce a jami'ar Kudancin Kalifoniya kuma ta fito ta faɗi ciwonta a fili. A Holan, Marius Romme da Sandra Escher suka fara haɗa masu jin muryoyi a 1987 dan su koyi zama da su daga junansu, yanzu irin ƙungiyoyin suna ƙasashe da yawa har ta intanet. Sai dai fa karka maida farfesa ma'aunin kanka, ka dawo kana jin kai ka gaza. Wanda ya girme ka da shekara biyar a ciwon, yana riƙe da ƙaramin aikinsa, yana zaune lafiya da iyalinsa, wallahi zai fi maka amfani, dan shi zaka iya hango kanka a cikinsa.

Wanda zaka zama nan da shekara ashirin yana buƙatar jiki. Masu wannan ciwon suna rasuwa shekara 10 zuwa 20 kafin sauran mutane, kuma mafi yawa ciwon zuciya da sukari da makamantansu ne ke jawowa. Ka sa a riƙa auna maka nauyi, hawan jini, sukari da kitsen jini aƙalla sau ɗaya a shekara. In zaka bar sigari, madalla, amma ka faɗa wa likita tukuna in kana shan kulozafin ko olanzafin, saboda barin hayaƙin yana sa maganin ya ƙaru a jini, sai an daidaita.

'Yan uwa, ga naku. Tun binciken George Brown a Ingila a shekarun 1960 aka gano cewa gidan da ake yawan suka da faɗa, ko kuma ake lulluɓe mutum ana yi masa komai kamar jariri, ciwon yafi saurin dawowa. Na biyun nan shi ake yi da kyakkyawar niyya. "Ka bari sai ka warke", "kai dai ka huta", "ba zaka iya ba kar ciwon ya tashi", duk so ne ya kawo su amma abinda mai ciwon ke ji shine an cire shi daga lissafi. In zakuyi maganar abinda za'ayi baɗi ku saka shi ciki, ku bashi aikin da in bai yi ba za'a ji rashinsa, kuma tambayarku kar ta tsaya a "ka sha magani?" kullum, ku tambaye shi me yake son yi ranar Asabar, in yace bai sani ba ku kawo abu biyu ya zaɓa.

Wannan kuma ba'a wasa da shi. Kusan mutum 5 cikin 100 masu sikizofiriniya suna rasa ransu ta hanyar kashe kai, haɗarin yafi yawa a shekarun farko da kuma bayan sallama daga asibiti, sau da yawa daidai lokacin da hankali ya dawo mutum ya fara lissafin abinda ya rasa. In rubutun shafi ukun nan na fata da tsammani da tsoro ya jefa ka cikin ƙunci, ka ajiye shi sai kana tare da wani. In ka fara tunanin gara ka mutu, ko muryoyin suna umartarka ka cutar da kanka, ka faɗa wa wani yau ɗin nan, ka je asibiti ko ka kira layin agajin gaggawa, kar ka kwana da shi kai kaɗai. Ɗan uwa kuma in ka ga alama ka tambaya kai tsaye, tambayar bata saka wa mutum tunanin a kai.

In ciwon ya sake tashi, kuma yana iya tashi ko kana yin komai daidai, bayan ka dawo karka ɗauko shirin wata uku da ka bari, ka koma kan jibi na sati biyu tukuna. Sannan ku zauna da wanda ka bawa kwafin takardar alamominka ku duba wace alama ce ta fara zuwa da ba'a rubuta ba, ku ƙara ta, wace lamba ce aka kira bata shiga ba, ku canza ta, ku kai wa likita sabon kwafi a ganin da zakuyi na gaba.